Ana Rabon Sararin Sama, Mu Muna Cinikin Faranti

A ranar 27 ga Fabrairun 2023 wata rokar Falcon 9 ta tashi daga Cape Canaveral a jihar Fulorida ta Amurka ɗauke da taurarin ɗan'adam 21, waɗanda su ne rukunin farko na sabon samfurin Starlink da kamfanin SpaceX ya sa wa suna V2 Mini. Nauyin kowannensu ya doshi kilo 800, kuma kamfanin ya ce kowane ɗaya yana ɗaukar bayanai ninki huɗu na wanda ya gabace shi. Wata guda kafin wannan rana, a ƙarshen Janairu, Najeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka buɗe wa wannan intanet mai saukowa daga sama. Tun daga lokacin kusan duk hirar da muke yi a kan lamarin ba ta wuce kuɗin faranti da kuɗin wata da tambayar ko hadari yana katse shi ba. Tambayoyi ne masu ma'ana, tun da aljihu ne yake biya. Sai dai a ganina akwai wadda ta fi su girma, kuma ita ce aka fi yin shiru a kanta: wurin da ake jera waɗannan taurari mallakar 'yan Adam ne baki ɗaya, yana da iyaka, ana kuma cika shi yanzu bisa ƙa'idar wanda ya riga zuwa, alhali ƙasashenmu suna tsaye a bakin kanti a matsayin masu saye kawai. Ina goyon bayan a karɓi wannan intanet, amma ina ganin kuskure ne babba a karɓe shi ba tare da sharaɗi ba, kuma ba tare da neman kujera a inda ake tsara dokarsa ba.

Dole ne a fahimci dalilin da ya sa taurarin suke da yawa haka, domin a nan ne asalin matsalar take. Tsofaffin taurarin sadarwa, irin wanda yake kawo tashoshin talabijin da kuma namu NigComSat-1R, suna can a nisan kilomita 35,786, inda saurin zagayensu ya yi daidai da juyin duniya, shi ya sa ake ganinsu kamar a tsaye suke wuri guda, ana kafa faranti sau ɗaya a manta da shi. Guda uku sun isa su rufe kusan duk inda mutane suke zaune. Aibinsu shi ne nisa, domin kafin saƙo ya hau ya sauko ya kuma dawo da amsa an ci fiye da rabin daƙiƙa, jinkirin da yake sa masu magana ta bidiyo su riƙa katse juna. Taurarin Starlink kuwa mafi yawansu suna kusa da kilomita 500 ne daga doron ƙasa, don haka jinkirin ya ragu zuwa abin da kunne ba ya kamawa. Farashin wannan kusanci shi ne tauraron ba ya tsayawa: yana gudun kimanin kilomita 27,000 a awa, yana zagaye duniya cikin kusan awa ɗaya da rabi, kuma 'yan mintuna kaɗan yake yi a saman garinka ya wuce. Kafin sabis ya ɗore sai an jera dubbai, wannan yana faɗuwa a gabas wancan yana fitowa daga yamma. Ga shi kuma an ƙera su ne su yi aiki na kimanin shekara biyar, sannan a sauko da su su ƙone a cikin iska. Ke nan harba su aiki ne da ba shi da ranar ƙarewa, kuma duk kamfanin da ya shiga harkar sai ya ci gaba da aika sababbi muddin yana raye.

Ba zan rage wa wannan fasaha darajarta ba, domin wanda yake zaune a Abuja da layi uku a wayarsa ba shi da hurumin raina ta. A garuruwan da kamfanonin waya suka ga babu riba a kafa turaku, ko suka kafa amma dizal da rashin tsaro suka sa suka rufe, abin da ake gani yanzu shi ne farin faranti mai kusurwa huɗu a kan rufin kwano, an danne ƙafarsa da bulo, ga farantin sola a gefensa, ga batir a ƙarƙashin teburin mai shago. Mai shagon yana rubuta lambar shiga a 'yar takarda ya sayar wa mai buƙata na awa ɗaya ko na yini, kuma da yamma za ka ga bencin ƙofar shagon ya cika: mai POS yana tura kuɗin da suka maƙale tun safe, ɗalibi yana duba sakamakon JAMB, dattijo yana magana da ɗansa da yake Agadas ko Makka yana kallon fuskarsa. Wannan alheri ne na zahiri. An kuma ga amfaninsa a birane ranar 14 ga Maris na 2024, lokacin da manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka tsaya cak daga Legas har Akara, amma masu faranti suka ci gaba da aikinsu. Ba mamaki ba ne da Gana ta buɗe ƙofa a 2024, Nijar da Cadi suka biyo baya a 2025, kuma kafin ƙarshen 2024 Starlink ya zama na biyu a yawan masu rajista cikin kamfanonin intanet na Najeriya waɗanda ba na wayar salula ba.

Amma a duba abin da yake faruwa a can sama. A 2019, shekarar da SpaceX ya harba taurarinsa 60 na farko, duk taurarin ɗan'adam masu aiki na duniya baki ɗaya kimanin 2,000 ne. Zuwa 2025 na Starlink kaɗai sun haura 7,000, wato fiye da rabin duk masu aiki suna hannun kamfani guda. Ga sabon samfurin, kamfanin ya nemi izinin kusan 30,000, kuma a Disambar 2022 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta amince masa da 7,500 a matakin farko. Amazon ya fara harba nasa a Afrilun 2025, cikin shirin da ya ƙunshi 3,236. Sin tana da manyan shirye-shirye biyu, Guowang da Qianfan, kowanne yana maganar fiye da 10,000. OneWeb, wanda ya durƙushe a 2020 har gwamnatin Birtaniya da kamfanin Bharti na Indiya suka cece shi, yana da fiye da 600 a nisan kilomita 1,200. Abin lura a nan shi ne hukumar ƙasa guda ce take ba kamfaninta izinin mamaye wani tsayi da yake ratsa saman kowace ƙasa, kuma babu wanda ya tambayi Yamai ko Abuja ko Anjamena.

A rubuce dai doka tana tare da mu. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ce babu ƙasar da za ta mallaki wani yanki na sama, kuma amfani da shi ya zama don alherin dukkan ƙasashe, masu arziki da marasa shi. Sai dai wanda ya san tarihin burtali da makiyaya a Arewa ya san yadda irin wannan doka take mutuwa a tsaye. Dokar keɓe wuraren kiwo ta 1965 ba a soke ta da rana tsaka ba; wannan ya matsa da gonarsa taku goma, wancan ya kafa shinge, kowa yana cewa ai fili ne babu kowa, har ranar da makiyayi ya dawo da garkensa ya tarar babu hanya, kuma babu mutum guda da zai kama da laifi. SpaceX ba ya cewa tsayin da yake aiki a cikinsa nasa ne, kuma ba ya buƙatar faɗa, domin idan dubban taurarinsa suna zagayawa a wurin, kuma shi ne ya riga yin rajistar zangon rediyon da ake amfani da shi, duk wanda ya zo daga baya shi ne zai nemi hanyar da ba zai takura masa ba.

Rajistar zango tana hannun Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, da ke Geneba, kuma tarihinta ya nuna cewa ƙorafin ƙananan ƙasashe yana tasiri idan sun haɗa kai. A 1976 wasu ƙasashen da suke kan layin tsakiyar duniya, cikinsu har da Kenya da Yuganda da Zayar da Kongo, suka taru a Bogota suka yi iƙirarin cewa falakin nan mai nisan kilomita 35,786 da yake samansu arzikinsu ne. Duniya ba ta karɓi iƙirarin ba, amma matsin lambar ƙasashe masu tasowa a waɗannan shekaru ya sa ITU ta tsara rabo a wasu zanguna, inda aka ware wa kowace ƙasa gurbinta a wancan falaki ko da ba ta da tauraro a lokacin. Ga falakin kusa da duniya babu irin wannan tanadi. Abin da aka yi a taron 2019 a Sharm el-Sheikh shi ne gindaya wa'adi, cewa wanda ya yi rajista sai ya harba wani kaso na taurarinsa cikin shekarun da aka ƙayyade, in ba haka ba a rage masa. Ƙa'idar tana hana riƙe wuri a takarda, amma a aikace tana fifita mai roka a hannu. Ruwanda ta shigar da takardar neman taurari fiye da 300,000 a 2021, abin da ya ba mutane da yawa mamaki, amma takarda ba ta tsare wa kowa wuri.

Cunkoson kuma ya riga ya fara nuna illarsa. Tun 1978 masanin hukumar NASA Donald Kessler ya yi gargaɗin cewa idan abubuwa suka yi yawa a falaki, karo ɗaya zai haifar da tarkacen da za su jawo wani karon, har a kai inda ba mai iya amfani da wurin. A Fabrairun 2009 tauraron Iridium na Amurka ya yi karo da wani mataccen tauraron Rasha, suka tarwatse zuwa gutsattsari kusan 2,000 da ake iya bin sawunsu. A Agustan 2024 rokar da ta kai rukunin farko na Qianfan ta fashe bayan ta sauke kayanta, ta bar ɗaruruwan tarkace. SpaceX da kansa ya shaida wa FCC cewa cikin wata shida, daga ƙarshen 2023 zuwa tsakiyar 2024, taurarinsa sun kauce wa karo kusan sau 50,000. Gaskiya ne kamfanin yana da ƙwarewa a wannan, kuma a tsayin da yake aiki iska tana jawo matattun taurari ƙasa cikin 'yan shekaru, amma babu wata hukumar duniya da take tsara zirga-zirgar kamar yadda ake yi wa jiragen sama. Wanda yake ganin abin ya yi nisa da mu ya tuna da ƙauyen Mukuku a yankin Makueni na Kenya, inda a ranar 30 ga Disambar 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin kusan kilo 500 ya faɗo, hukumar sararin samaniyar ƙasar ta ce ɓangaren roka ne. Allah ya kiyaye bai faɗa kan kowa ba. Masu nazarin taurari, har da na cibiyar MeerKAT a Afirka ta Kudu, su ma suna kuka da haske da ƙarar rediyon da suke ɓata musu aiki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne batun makunni, wato wanda yake da ikon kunnawa da kashewa. A 2022 Ukraine ta dogara da Starlink a fagen yaƙi, kuma Elon Musk, shugaban SpaceX, da bakinsa ya tabbatar daga baya cewa ya ƙi buɗe sabis a kusa da Kirimiya lokacin da aka nema don kai hari kan jiragen ruwan Rasha. Ko mutum ya yarda da hukuncinsa ko bai yarda ba, ɗan kasuwa guda ne ya yanke shawarar yaƙi ba tare da wata majalisa ta zaɓe shi ba. A Sudan, bayan katsewar sadarwa a Fabrairun 2024, farantan da aka shigo da su ta fasa-ƙwauri suka zama hanyar da mutane da yawa suke karɓar kuɗin abinci daga 'yan'uwansu na waje, kuma a yankunan da dakarun RSF suke riƙe da su, rahotanni da yawa sun nuna cewa su ne suke iko da farantan suna karɓar kuɗi. Kamaru kuwa ta fara ƙwace su a kan iyaka a Afrilun 2024.

Na san amsar da wasu za su ba ni, kuma tana da ƙarfi. Za su ce gwamnatocinmu ma sun riƙe makunni ba mu ji daɗi ba, su kawo misalin Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a duk jihar Zamfara, aka kuma faɗaɗa zuwa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna da nufin karya 'yan bindiga. Mutane sun yi watanni suna tafiya mai nisa don su buga waya ɗaya, kasuwanci ya tsaya, wanda aka kai wa hari ya rasa yadda zai nemi agaji, kuma ta'addancin bai ƙare ba. Za su ƙara da rufe Twitter na wata bakwai daga Yunin 2021. Duk wannan gaskiya ne, kuma ban yarda da katse sadarwar jama'a a matsayin maganin rashin tsaro ba. Bambancin shi ne gwamnatin ƙasarka kana iya kai ta kotu, kana iya yi mata zanga-zanga, kana iya kayar da ita a akwati, kuma an ga kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa rufe Twitter ya saɓa wa doka. Kamfanin da yake bin dokar Amurka kuwa, ranar da siyasar Washington ta juya wa wata ƙasa baya, manomin Maraɗi ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Hausawa sun daɗe da sanin cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Mun ma ɗanɗani kaɗan daga wannan a kan farashi. A Oktobar 2024 Starlink ya ɗaga kuɗin wata a Najeriya daga naira 38,000 zuwa 75,000, ya kai farantin naira 590,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta fito ta ce ba a nemi amincewarta ba, kamfanin ya janye ƙarin, daga baya farashin ya tsaya a 57,000. Wannan ya nuna cewa lasisi yana da haƙora idan mai riƙe da shi ya yarda ya yi amfani da su. Sai dai ƙarfin nan yana raguwa gwargwadon yadda dogaro yake ƙaruwa, kuma sabon samfurin zai ƙara dogaron sosai. Tun Janairun 2024 SpaceX yake harba taurarin da suke magana kai tsaye da wayar salula ta yau da kullum ba tare da faranti ba, kuma Airtel Africa ya riga ya ƙulla yarjejeniya da shi. Idan aka kai lokacin da asibitocin karkara da makarantu da masu POS da ofisoshin tsaro duk suna rataye a jikin kamfani guda, babu hukumar da za ta iya yi masa barazanar janye lasisi, domin jama'arta ce za ta fara kuka.

Ba ina kira ga Najeriya ko Nijar su harba nasu dubban taurari ba ne. Tarayyar Turai da duk arzikinta ta sa hannu a Disambar 2024 kan shirin IRIS² na taurari kimanin 290 a kan Yuro biliyan 10.6, kuma dalilinta shi ne tsoron wannan dogaro da nake magana a kai. Mu kuwa NigComSat-1 da Sin ta harba mana a Mayun 2007 ya mutu a Nuwambar 2008 saboda matsalar farantan hasken ranarsa, kuma wanda ya maye gurbinsa a Disambar 2011 an ƙera shi ne don shekara 15. Abin da yake hannunmu shi ne kasuwa, kuma kasuwar mutum fiye da miliyan 200 ba abin wasa ba ce, balle idan ƙasashen yankin suka yi magana da murya ɗaya maimakon kowacce ta shiga ɗaki ita kaɗai ta sa hannu a kan abin da aka miƙo mata. Ya kamata kowane lasisi ya ƙunshi cewa ba za a katse sabis ba sai da umarnin kotun ƙasar, a kafa tashoshin ƙasa a cikin gida, har da Arewa, domin bayananmu su riƙa sauka inda dokarmu take aiki, a kuma ware wa makarantu da asibitocin karkara farashi mai rangwame. Ya kamata a buɗe ƙofa ga OneWeb da Amazon da na Sin a kan sharuɗɗa iri ɗaya, domin mai zaɓi biyu ne kaɗai yake iya ciniki. Sannan kada ɗokin faranti ya sa a yi sakaci da shimfiɗa wayar fayiba, domin ƙarfin tauraro rabawa ake yi tsakanin duk waɗanda suke ƙarƙashinsa, shi ya sa a ƙarshen 2024 kamfanin ya daina karɓar sababbin masu rajista a Legas da Abuja na wani lokaci saboda wurin ya cika. Gari kamar Kano ba zai taɓa rayuwa a kan tauraro ba. Shirin gwamnatin tarayya na shimfiɗa fayiba mai tsawon kilomita 90,000 ya fi kowace yarjejeniya da kamfanin waje muhimmanci, kuma gwamnonin da har yanzu suke tsawwala kuɗin haƙa hanya fiye da naira 145 a kan kowace mita da aka amince da shi suna cutar da jama'arsu ne.

Saura batun kujera. An buɗe Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka a Alƙahira a Afrilun 2025, kuma babban taron ITU kan rabon zango na gaba zai gudana a Shanghai a 2027, inda mafi yawan batutuwan da za a tattauna suka shafi taurarin ɗan'adam. A wannan zaure kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya take da ita, kuma Afirka tana da fiye da 50. Wakilanmu suna iya neman a ware wani kaso na zango da gurbi a falakin kusa ga ƙasashen da ba su shirya ba tukuna, kamar yadda aka yi a falakin nesa, su nemi wa'adin sauko da matattun taurari ya zama wajibi a kan kowa, kamar na shekara biyar da FCC ta sa wa nata kamfanoni a 2022, su kuma nemi ƙa'idar da za ta hana kunna faranti a ƙasar da ba ta ba da izini ba. Matsayin da Afirka za ta je da shi ana tsara shi ne tun yanzu a tarurrukan share fage na Ƙungiyar Sadarwa ta Afirka, don haka 'yan majalisarmu da 'yan jarida suna da haƙƙin su tambayi NCC da hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, da takwarorinsu na Nijar da Gana da Cadi su wane ne aka tura, injiniyoyi ne da lauyoyin da suka san aikin ko kuwa 'yan rakiya, kuma wace buƙata aka rubuta musu su gabatar.